Zafin bazara da tsinken gwajin jini

A watan Afrilu zafi a Babura da Roni kan haura digiri 40. Leƙa kemis mai rufin kwano da azahar, ba wuya ka tarar da 'yar kwalbar tsinken gwajin suga a kan kanta, wani sa'in ma murfinta a buɗe. Alhali yawancin kamfanoni sun rubuta a kwali cewa kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30.

A bakin tsinken nan akwai enzayim, wato furotin da halittu ke samarwa don hanzarta aikin sinadarai, shi ne ke kama sukarin da ke ɗigon jini. Zafi da laima na lalata shi, kamar ƙwan da ya dahu, ba ya komawa ɗanye. Daga nan sai na'ura ta ba da lambar ƙarya, mai ciwon suga ya ƙara magani ko ya rage a kanta. Wannan ne ya fi damuna, domin tsinken da ya lalace ba ya nunawa a ido.

Akwai binciken da zai iya rage wannan matsala. A 2007 Farfesa Yan Xiyun da abokan aikinta a Beijing suka gano cewa ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu, waɗanda ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, suna yin aikin wani enzayim da ake tatsa daga saiwar tsiro. Ana kiran irinsu nanozayim. Ba su da tsadar haɗawa, kuma suna jure zafin da ke kashe furotin. A 2015 masanan suka haɗa tsinken gwajin Ebola da su, ya riƙa gano alamar cutar da ta yi ƙaranci sau 100 a kan wadda tsinke mai ƙwayoyin zinare ke gani. Irin wannan mai zinaren ne ake gwajin maleriya da shi a asibitocinmu.

Sai dai nanozayim bai kai enzayim na asali iya tantancewa ba, yakan kama abin da ba shi ake nema ba, shi ya sa yawancin aikin bai bar ɗakin bincike ba tukuna. Duk wanda ya kawo maka kaya a kasuwa yana cewa "nano" ne, ka nemi lambar NAFDAC.

Kafin tsinken nanozayim ya iso, a rufe kwalba da zarar an zari tsinke, a ajiye ta a inuwa, a duba ranar ƙarewar aiki. In lamba ta saɓa da yadda kake ji a jikinka, ka je babban asibitin Babura a sake auna ka.