Black Panther: Abin da kallo na biyu ya nuna mana a Nima

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2018 babu zancen da ya cika bakin matasan Nima da Maamobi kamar na fim ɗin Black Panther. Mu ma da muke aikin rediyo ba a bar mu a baya ba. Mun ɗauko manyan riguna, muka hau tirotiro zuwa silimar Silverbird da ke Accra Mall, muka tarar da jama'a sun sha ado da kente da fugu kamar ranar salla. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na 'yan Sin a ɗakunan bidiyo na unguwa, inda baƙar fata in ya fito shi ake fara kashewa, ranar muka ga sarki baƙi, jarumi baƙi, masana kimiyya baƙaƙe, a wata ƙasa ta almara mai suna Wakanda wadda Bature bai taɓa mulka ba. Washegari mun yabi fim ɗin a shirinmu har muka rasa kalmar yabo.

To, kwanakin baya sai ga shi mun sake kallonsa, ba da shiri ba. Bayan sallar Isha'i ne, a majalisar shayi da ke bayan babban titin Nima, wani ɗan ƙanenmu ya kunna shi a talabijin. A cikinmu akwai wani kawunmu, dattijo da ya haura tamanin, wanda ya zauna don ataya kawai. Wannan karon babu ihu babu tafi, don haka kunne ya samu damar jin abin da ido ya hana shi ji a baya.

Ko shakka babu, kyan fim ɗin yana nan. Ryan Coogler ya iya aikinsa, kuma ba a banza Ruth Carter ta samu kyautar Oscar a 2019 saboda suturar da ta tsara ba. Muryar Baaba Maal na Senegal har yanzu tana tayar da tsikar jiki. Ganin Chadwick Boseman kuwa sai da ya sa majalisa ta yi tsit, domin yanzu mun san yana fama da ciwon daji na hanji a lokacin da yake wannan aiki, ciwon da ya yi ajalinsa a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Amma labarin da muka ɗauka na ɗaukaka ne, da muka natsu sai muka ga labarin baƙo ne da mai gida.

Ga yadda abin yake. A 1992, a birnin Oakland na Amurka, Sarki T'Chaka ya kashe ƙanensa N'Jobu, ya koma gida ya bar ɗan marigayin, yaro ƙarami, a can, don kada asirin Wakanda ya tonu. Yaron nan shi ne ya girma ya zama Killmonger. Da ya iso ƙasar ubansa, sai da aka fito da zoben gidan sarauta, ya kuma faɗi sunansa da harshen ƙasar, kafin fadawa su yarda jininsu ne. A 2018 wannan wuri bai tsaya mana a rai ba. A wannan daren kuwa, wani matashi da aka haifi kakansa a Nima ya ce shi ma sai da ya kai takardun uba da na kaka a wani ofishi, don kawai sunansa bai yi kama da na 'yan ƙasa a kunnen ma'aikacin ba. Babu wanda ya yi dariya, domin kusan kowane gida a Zango yana da irin wannan labari.

Wurin da ya fi taɓa kawu shi ne inda W'Kabi, shugaban masu tsaron iyaka, yake gargaɗin sarki cewa in aka buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira, da matsalolinsu za su shigo. Da muka fassara masa, sai ya ajiye kofi ya ce, “Ɗana, ai wannan maganar mun ji ta da kunnenmu.” Yana nufin watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Dubun dubatar mutane suka kwashe ya-nasu-ya-nasu, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma a cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su san kowa a Najeriya ko Nijar ba. Sai a 1983 reshe ya juye da mujiya, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana suka dawo da jakunkunan nan masu zane da har yau ake kira da sunansu. Ita kanta kalmar zango ai masaukin fatake ce, tun zamanin da kakanninmu ke bin hanyar Gwanja neman goro. Wanda ya fito daga irin wannan tsatso, da wuya ya yi ta tafa wa ƙasar da ta rufe ƙofarta shekaru aru-aru tana kallon maƙwabta ana kwasarsu bayi.

Kada mai karatu ya ɗauka mun koma bayan Killmonger. Wasu matasa a majalisar sun nemi su mai da shi gwarzo, muka ce a'a. Mutumin da ya harbe budurwarsa da hannunsa, ya shaƙe wuyan tsohuwa, ya sa aka ƙone gonar tsiron da ake naɗa sarakuna da shi don kada wani ya gaje shi, ba mai ceto ba ne. Kukansa gaskiya ne, maganinsa guba. Mun san irinsa a unguwa, yaron da aka yi watsi da shi har ya girma bai san komai ba sai ramuwa. Wadda ta fi kowa gaskiya a fim ɗin ita ce Nakia, domin tun farko take cewa Wakanda tana da halin taimakon jama'a ba tare da ta halaka kanta ba, amma ba a saurare ta ba sai da jini ya zuba. A kallon farko budurwar sarki kawai muka ɗauke ta, kuma wannan laifinmu ne, ba na fim ba.

Akwai kuma inda fim ɗin ya ba mu haushi. Da Hosa ta Afirka ta Kudu mutanen Wakanda ke magana, suna yafa barguna irin na Lesotho, sarki ya rataya kente. Mu fa? Inda muka ji kalmar da ta yi kama da ta bakinmu shi ne dajin Sambisa, a wurin 'yan bindigar da suka sato mata, wani yana rantsuwa da wallahi da bindiga a hannu. Ba mu musun abin da ya faru da 'yan matan Chibok a 2014. Amma a ce duk faɗin tarihin Kano da Katsina da Tambutu, rabon da aka ba mu ke nan, abin da ciwo. Haka nan Baturen kirki na fim ɗin jami'in CIA ne, hukumar da mutane da yawa a ƙasar nan ke dangantawa da kifar da Kwame Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966. Wannan kam ko da ruwan sanyi ba ta haɗiyuwa.

Sai wurin gidan tarihi na Landan, wanda ya ƙara nauyi da shekaru. Killmonger ya tsare ma'aikaciyar da tambaya kan yadda kakanninta suka mallaki kayan da ke cikin gilashi, ko saya suka yi ko ƙwace. Abin dariya, matar ta ce wani abin rufe fuska na ƙabilar Bobo Ashanti ne ta Ghana, alhali babu ƙabila mai wannan suna a nan, sunan wani reshe ne na 'yan Rasta a Jamaika. To amma tambayar tasa ba wasa ba ce. A 2024, shekara 150 bayan sojan Ingila sun wawashe fadar Kumasi a 1874, gidajen tarihi biyu na Landan, British Museum da V&A, suka aiko da kayan zinariya da na sarauta guda 32 zuwa gidan tarihi na fadar Manhyia. Ba mayarwa suka yi ba, aro ne na shekara uku. Wato mai kaya ya zama mai aro. Gidan tarihi na Fowler da ke Amurka shi ne ya mayar da guda 7 ba tare da sharaɗin dawowa ba.

Da aka zo ƙarshe, inda Killmonger ya gwammace a jefa gawarsa a teku tare da kakanninsa da suka yi tsalle daga jiragen bayi, wani ya tuna mana da 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyaci jikokin bayi su dawo gida, suka cika kurkukun Cape Coast da Elmina suna kuka. Muka ce haka ne, amma kafin a kai bayi bakin teku akwai kasuwar Salaga a arewa, kuma fataken da suka ci kasuwar ba duka baƙi ne a gare mu ba. Nan gardama ta kaure, har mai shayi ya daina zuba na uku.

Yaran sun so a ɗora da kashi na biyu, Wakanda Forever na 2022, amma dare ya yi. Mun raka kawu har ƙofar gida, ta lungun da ke gefen babbar kwata. A hanya ya riƙa lissafa mana gidajen da aka sayar a 1969 da sunayen masu su na farko, ya ƙirga har goma sha ɗaya kafin mu kai.