Abubakar Imam: editan da ya saba wa Hausar boko da fitowa kasuwa

A shekarar 1934 Allah ya yi wa Alhaji Umaru Salaga rasuwa a garin Kete Krachi, cikin ƙasar da a yau ake kira Ghana. Haifaffen Kano ne, ya bi hanyar fataken goro har Salaga da ke kudu maso gabashin Tamale, sannan ya ƙaura bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892. Ya bar waƙoƙi da labarai masu yawa cikin Larabci da Hausar ajami, har da waɗanda ya yi kan zuwan Turawa. Amma aikinsa ya zauna ne a hannun almajirai masu kwafa da alƙalami da tawada, sai kuma ɗakunan ajiyar takardu na jami'o'i.

A wannan shekarar ce kuma, can a Zariya, aka buga wasu ƙananan littattafai na ƙagaggun labarai cikin boko. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ruwan Bagaja, na wani matashin malamin makaranta mai suna Abubakar Imam. Tsakanin mutanen nan biyu ba ilimi ba ne ya bambanta, domin Alhaji Umaru malami ne na gaske. Abin da Imam ya samu shi ne injin buga takarda, da makarantu masu jiran abin karantawa, daga baya kuma jarida.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda yanzu take cikin jihar Neja ta Nijeriya, a gidan malamai. Ya yi karatun allo da na littattafai kafin ya shiga boko, ya gama Kwalejin Katsina a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labari na ƙirƙira da Hausa. Abin baƙo ne a lokacin. Rubutu na addini ne da waƙa da wasiƙa, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Daga wannan gasa aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East, sai Ruwan Bagaja.

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a firamare, abin da ya fi tunawa ba ruwan ba ne. Rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne, yadda suke haɗuwa gari bayan gari kowa na rama wa ɗan'uwansa sharrin da ya ƙulla masa. A nan baiwar marubucin ta fara bayyana: mutanensa suna magana kamar yadda ake magana a zaure da bakin kasuwa.

East ya ga haka, ya nemi a ba shi aron Imam. A 1936 ya je Zariya ya zauna 'yan watanni, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku. Ginshiƙin labarin aku ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri na ƙulla makirci, aku kuwa yana riƙe yaron da labari kowane dare don kada ya fita ya faɗa tarko. Wannan dabara ta aku mai tsare mutum da labari tsohuwa ce, asalinta Indiya, daga wani littafin Sanskrit da ake kira Shukasaptati, wanda ya bi ta Farisa ya yaɗu. Sauran labaran an ɗebo su daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, da na Hausa kanta.

Akan samu masu cewa ashe kwafa ya yi. Zancen bai tsaya da ƙafarsa ba. Labarin da ya shigo hannun Imam yana fita ne da sarki da fadawa da alƙali da ɗan kama, da karin maganar da ba mai iya fassara ta zuwa harshen da aka aro labarin ba tare da ta zube ba. Yara da yawa sun girma ba su taɓa zaton akwai wani baƙo a cikin littafin ba. Wannan shi ne gwaninta, kuma irin gwanintar da aikin jarida ke bukata ke nan.

A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Imam ne editanta na Hausa. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ba ta ɓoye manufarta ba: yaƙi na tahowa a Turai, ana son Arewa ta ji labari daga bakin Ingila kafin ta ji daga wani. Imam ya yi aiki cikin wannan iyaka fiye da shekara goma. Sai dai kowace fitowa tana tilasta masa yanke hukuncin da ba wanda ya yanke kafin shi. Me za a kira jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin ruwa? Yaya za a bayyana majalisa da zaɓe ga wanda bai san wata hukuma ba sai fada? Hausar wane gari za a bi idan wasiƙa ta zo daga Sakkwato, wata daga Bauci? A shekarun nan ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutu, kuma jaridar na cikin abin da ya saba wa idon jama'a da su. Wasiƙun masu karatu suka zama dandali, sojojin Arewa da ke fagen daga ma suna samun jaridar.

Masu nazarin adabin Indiya sun san irin wannan mutum. Mahavir Prasad Dwivedi ya riƙe mujallar Saraswati a Allahabad daga 1903 zuwa 1920, yana gyara rubutun duk wanda ya aiko masa, har aka wayi gari salon zube na harshen Hindi ya daidaita a hannunsa. Imam ya yi wa Hausa kusan haka, sai dai shi ya haɗa da zama marubucin da aka fi karantawa.

Siyasa ba ta bar shi ba. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da ta je Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. Da Azikiwe ya rubuta takardar neman a sa wa mulkin kai lokaci, Imam bai sa hannu ba, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba. Har yau akwai masu riƙe masa wannan. Amma a tafiyar ce ya gana da Lugga, ya kuma biyo baya da wasiƙu yana zayyana masa illolin mulkin En'e da yadda aka ware matasa masu ilimin boko. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981.

Ga mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, inda kundin da aka amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayoyin da Imam ya fuskanta a teburinsa sun dawo sababbi: wa zai zaɓi kalma, wa zai gyara rubutu, a ina za a riƙa bugawa a kai a kai. A Tamale lamarin ya sha bamban. Ana ciniki da wa'azi da Hausa a zango, gidan rediyon ƙasa na watsa shirye-shirye da ita, amma ba ta cikin harsunan gida da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa a makarantu, inda Dagbani da Gonja suke. Yaron zango yakan iya Hausa da baki ya kai girma bai taɓa ganin yadda ake rubuta ta ba, balle ya haɗu da akun Sarki Abdurrahman ko waƙoƙin Alhaji Umaru da aka rubuta a maƙwabtansa. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa. Magana Jari Ce kuwa ana ci gaba da buga shi a Zariya, ana kuma samun sa a shagunan littattafai na Kano.