Kujera 40 a Kano, kujera 99 a Kaduna: lissafin kafa majalisar zartarwa

Mutum 5,921,370 ne hukumar zaɓe ta INEC ta yi wa rajista a Jihar Kano kafin zaɓen 18 ga Maris, 2023. Ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna 2,005,964 ne, wato kimanin kashi 34 cikin 100, ko mutum ɗaya cikin kowane uku. An soke 28,092 daga ciki, saura 1,977,872.

A sakamakon da INEC ta bayyana, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu 1,019,602, kusan kashi 52 cikin 100 na ƙuri'un da aka lissafa. Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705, kashi 45. Tazarar 128,897 ce. Sauran jam'iyyu gaba ɗaya sun raba 67,565, ƙasa da kashi 4. Ko da an tattara wannan ragowar an ɗora wa APC, ba za ta cike ko da kashi biyu cikin uku na tazarar ba. Ke nan a ƙuri'ar gwamna babu wata jam'iyya ta uku da za ta ce da ita za a yi ciniki.

Sai dai ba ƙuri'ar gwamna ce ke amincewa da kwamishinoni ba. Wanda ya shiga layi a rumfar zaɓe a mazaɓar Gyaɗi-Gyaɗi Arewa ko Gyaɗi-Gyaɗi Kudu a wannan Asabar, takarda biyu aka miƙa masa: ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. Ya dangwala, ya naɗe, ya jefa kowace a akwatinta. Ta farko ta shiga cikin miliyoyin jiha baki ɗaya. Ta biyu ba ta wuce mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni ba, irin su Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku da Babban Giji, kuma kujera ɗaya tak ta haifar.

Kujera ɗaya ce cikin 40, wato kashi 2.5 cikin 100 na Majalisar Dokokin Jihar Kano. Sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade kujerun majalisar jiha tsakanin 24 da 40. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, don haka takwas daga ciki suka haɗu bibbiyu, kamar Kura da Garun Malam, ko Rimin Gado da Tofa. Tarauni na cikin 36 da ke da kujerarsu su kaɗai.

Da aka kammala zaɓen, NNPP ta tashi da kujera 26, APC da 14. Kashi 65 ke nan da kashi 35. Jam'iyyar da ta samu kashi 52 a takardar gwamna ta samu kashi 65 a zauren majalisa. Takardun biyu daban suke, ba a auna su kai tsaye, amma dalilin bambancin sananne ne: a kowace mazaɓa wanda ya zo na ɗaya shi ke ɗaukar kujerar, na biyu kuwa ko da ƙuri'a goma aka fi shi, hannu rabbana zai koma.

Sashe na 192 ya ce gwamna ne ke zaɓar kwamishinoni, majalisa ta tabbatar da su. Idan kowa ya halarta, ƙuri'a 21 ta isa. NNPP ta zarce wannan adadi da biyar. An rantsar da gwamna ranar 29 ga Mayu, kuma a cikin Yuni ya aika wa majalisa sunaye 19, tun kafin cikar kwana 60 da gyaran tsarin mulki na 2023 ya gindaya. Ba a buƙaci yarjejeniya da kowace jam'iyya ba. Rabon da aka yi na cikin gida ne, domin kujera 19 ba ta kai rabin ƙananan hukumomi 44 ba, ga kuma sashe na 14(4) da ya wajabta la'akari da sassan jiha wajen naɗe-naɗe.

Ko shari'ar zaɓen gwamna ba ta taɓa wannan lissafi ba. A 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na NNPP, abin da ya mayar da su 853,939, ƙasa da na APC da 36,766. Kotun Ƙoli ta maido da su a 12 ga Janairu, 2024. Da hukuncin farko ya tabbata, da Kano ta wayi gari da gwamnan da jam'iyyarsa ke da kujera 14 cikin 40, yana neman ƙarin bakwai daga abokan hamayya kafin kwamishina ɗaya ya shiga ofis.

An taɓa ganin irin wannan a Arewa. A alƙaluman hukumar zaɓe ta FEDECO na 1979, majalisar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, tana da kujera 99: NPN 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Kujera 64 cikin 99 kashi 65 ne idan an cike, daidai da rabon NNPP a Kano bayan shekara 44. Bambancin ɗaya ne. Gwamnan da aka zaɓa, Abdulƙadir Balarabe Musa, ɗan PRP ne, jam'iyya mai kashi 16 na kujerun.

Jam'iyyu huɗun da ba NPN ba, ko sun dunƙule wuri ɗaya, kujera 35 gare su. Rinjaye kuwa 50 ne. Ba wata haɗaka da za ta kafa gwamnati a Kaduna sai da NPN a ciki, gwamnan kuma ya ƙi ba ta gurbi. Majalisa ta riƙa mayar masa da sunayen da ya aika, sai ya yi mulki babu kwamishinoni.

Adadi na biyu da ya shafe shi 66 ne, kashi biyu cikin uku na 99, wanda ake buƙata kafin a tsige gwamna. A ranar da majalisar ta fara zama, NPN ta gaza da kujera biyu kacal. Wato 35 ɗin nan ba su isa su tabbatar da kwamishina ba, amma sun isa su hana tsigewa muddin ba a rasa biyu daga cikinsu ba. Katangar ba ta daɗe ba. An tsige Balarabe Musa a 23 ga Yuni, 1981, bayan wata 20 da 'yan kwanaki a kan mulki, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

A shekarar ta 1979, Kano, wadda Jigawa ke cikinta, ta ba PRP kujera 123 cikin 138, kashi 89. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na PRP bai nemi ƙuri'ar kowa daga waje ba. Rigimar da ta biyo baya daga cikin jam'iyyar ta taso, tsakanin ɓangaren 'yan santsi da na 'yan taɓo.

Inda aka yi haɗaka ta zahiri a wancan zango shi ne Legas, a gwamnatin tarayya. NPN ta Shehu Shagari tana da kujera 168 cikin 449 a Majalisar Wakilai, kashi 37. Da ta ƙulla yarjejeniya da NPP mai 78, jimla ta kai 246, kashi 55. NPP ta karɓi kujerar kakakin majalisa, wadda Edwin Ume-Ezeoke ya hau, da wasu ma'aikatun minista. Yarjejeniyar ta wargaje a 1981.

A majalisar Kano mai kujera 40, kashi biyu cikin uku yana nufin 27. Shi ne adadin da sashe na 188 ya nema wajen tsige gwamna, kuma idan kowa ya halarta shi sashe na 100 ya nema wajen zartar da dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu. A Yuni 2023, NNPP tana da 26. Giɓin kujera ɗaya ne, daidai da abin da mazaɓun Tarauni 10 ke aikawa.