Gadar da Ta Ci Uba, Ta Kwantar da Ɗa

Ran 28 ga Yuni, 1869, Injiniya John Roebling yana tsaye a bakin kogin East River a ɓangaren Brooklyn, yana awon wurin da zai kafa gada zuwa Manhattan a birnin New York, sai jirgin fito ya matse masa ƙafa da katakon tashar jirgin. Aka yanke yatsun, cutar sarƙe-haƙora ta shiga. Ba a yi wata guda ba ya rasu, ko tubali ɗaya ba a aza ba.

Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1831. Sana'arsa murɗa igiyar waya, irin wadda ake rataye gada a jikinta. Da ita ya ɗaure gadar jirgin ƙasa ta Niagara a 1855. Gadar Brooklyn ce burinsa na ƙarshe.

Hausawa na cewa gadon gida alala ga raggo. Ɗansa Washington, mai shekara 32, ya karɓi aikin. Don a kafa ginshiƙai, sai aka kifa manyan akwatunan katako a ƙasan kogi, ana hura musu iska don ta hana ruwa shiga, leburori na haƙa a ciki cikin zafi da hasken fitila. A ɓangaren Manhattan sun nutsa kimanin mita 24. Wanda ya yi saurin fitowa daga matsin iskar nan, sai gaɓoɓinsa su ƙage. Washington ba ya aika mutum inda shi bai shiga ba, don haka a 1872 ciwon ya kayar da shi. Daga nan sai dai ya hangi aikinsa ta taga, da madubin hangen nesa.

Nan matarsa Emily ta miƙe. Ta zauna ta koyi lissafin gini da ƙarfin waya. Ita ke ɗaukar umarni daga bakin gadonsa zuwa wurin aiki, ita ke amsa tambayoyin injiniyoyi, ita ta tsaya masa sa'ad da aka so tsige shi. Fiye da shekara goma tana wannan zirga-zirga.

Da aka gama, Emily ce ta fara ƙetare gadar a keken doki, da zakara a cinyarta alamar nasara. Aka buɗe ta ran 24 ga Mayu, 1883. Tsakanin ginshiƙanta biyu mita 486 ne, tazarar da babu gadar rataye da ta kai a duniya a lokacin.

Gidan bai mutu ba. Masana'antarsu ta waya da ke garin Trenton ce ta murɗa igiyoyin gadar Golden Gate da aka buɗe a 1937. Tsohuwar gadar kuwa har gobe tana ɗaukar motocin da ba a ƙera ba sa'ad da aka zana ta, kuma a jikin ginshiƙinta akwai allon tunawa da su ukun: uba, ɗa da suruka.