Daga takobin hauni zuwa injin fille kai

A ƙasar Hausa ta da, manyan sarakuna suna da hauni, wato mutumin da ake miƙa wa wanda shari'a ta yanke wa hukuncin kisa ya fille masa kai da takobi, sau da yawa a kasuwa, jama'a suna kallo. Sunan ya rage a bakin tsofaffi, aikin kuwa ya tafi da zuwan Turawa. Shi ya sa muka ce bari mu leƙa tarihin Faransa, ƙasar da ta kawo mana kotu da gidan kaso irin na zamani, mu ga yadda ita take kashe nata masu laifin.

Kafin juyin juya halin 1789, ko a wurin mutuwa akwai ɗan sarauta akwai talaka. Ɗan babban gida ana sare masa kai da takobi, talaka a rataye shi, ɗan fashi kuma a ɗaure shi a karya masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da sandar ƙarfe. A 1757 wani mai suna Damiens ya daɓa wa Sarki Louis na 15 wuƙa, sarkin bai mutu ba, amma shi sai da aka ɗaura hannuwansa da ƙafafunsa ga dawakai aka ja a tsakiyar birnin Paris.

Wannan ne ya sa wani likita ɗan majalisa, Joseph-Ignace Guillotin, ya kawo shawara a watan Oktoba na 1789 cewa a riƙa kashe kowa da hanya guda, da inji, cikin ƙiftawar ido, ba tare da duba asali ba. Ba shi ya ƙera injin ba. Wani likitan fiɗa, Antoine Louis, ya tsara shi, wani Bajamushe maƙerin kayan kiɗa, Tobias Schmidt, ya haɗa shi, amma sunan Guillotin ne ya maƙale har yau ake cewa giyotin. Ranar 25 ga Afrilu 1792 aka fara gwada shi a kan wani ɗan fashi, Nicolas Pelletier. Ba a cika shekara ba, ranar 21 ga Janairu 1793, Sarki Louis na 16 da kansa ya miƙa wuya ƙarƙashin wuƙar. A nan kam an samu daidaiton da likita ya nema. Sai dai abin da bai hango ba, injin da ba ya gajiya kamar hannun hauni ya sa kisa ya yi sauƙi, cikin shekarun 1793 da 1794 dubban mutane suka bi ta ƙarƙashinsa.

Giyotin ya ƙetaro har Afirka. A lokacin yaƙin neman ƴancin Aljeriya, da shi aka kashe Ahmed Zabana a kurkukun Barberousse da ke birnin Aljiyas, ranar 19 ga Yuni 1956, wasu ƴan gwagwarmaya da dama suka biyo bayansa. A Faransa kanta an daina yi a bainar jama'a tun 1939, bayan cincirindon da aka yi a Versailles wajen kallon kisan Eugen Weidmann ya ba hukuma kunya. Na ƙarshe da aka fille wa kai shi ne Hamida Djandoubi, ɗan asalin Tunisiya, a Marseille ranar 10 ga Satumba 1977, sannan a 1981 ministan shari'a Robert Badinter ya shawo kan majalisa aka soke hukuncin kisa baki ɗaya.

Abin da muka lura shi ne, duk sabuwar hanya da sunan tausayi take shigowa. Amurka ma haka ta yi ta yi. An kawo kujerar lantarki don a huta da igiya, amma William Kemmler, wanda aka fara ɗora wa a jihar New York a 1890, sai da aka sake kunna masa wuta karo na biyu don na farko bai kashe shi ba. Aka koma ɗakin iskar guba a Nevada a 1924, aka koma allura a Texas a 1982. Ita ma allurar ta sha ba da matsala: a 2022 jami'an jihar Alabama sun yi ta neman jijiyar Kenneth Smith ba su samu ba, suka mai da shi kaso da ransa. A watan Janairu na 2024 suka dawo da shi suka kashe shi da iskar naitirojin, shi ne mutum na farko da aka yi wa haka.

A nan yankinmu bindiga ce ta gaji takobi. Dattawan da suka yi zaman Ikko suna tuna yadda ake ɗaure ƴan fashi a jikin ganguna a bakin teku na Bar Beach, sojoji su buɗe musu wuta, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a 1971 a gaban dubban ƴan kallo. A Nijar kuwa, an harbe waɗanda aka samu da hannu a yunƙurin juyin mulkin watan Maris na 1976 a zamanin Seyni Kountché. Cadi ta soke hukuncin kisa a 2020, Ghana ta cire shi daga dokar manyan laifukanta a 2023.