Kotun Ƙolin Amurka A Zangon 2021 Zuwa 2022: Abin Da Ya Shafi Masu Bi

Da yawa daga cikinmu sun ji a rediyo cewa Kotun Ƙolin Amurka ta soke 'yancin zubar da ciki a shekarar 2022, amma kaɗan ne suka ji sauran hukunce-hukuncen da ta yanke a wannan zango. Mun ga ya kyautu mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin akwai abin koyi a ciki.

Kotun tana da alƙalai 9. Takan fara zama ranar Litinin ta farko a watan Oktoba, yawancin manyan hukunci kuwa sai a watan Yuni suke fitowa. Aikinta iri biyu ne: fassara tsarin mulki, da fassara dokokin da majalisa ta yi.

A ɓangaren tsarin mulki, wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na ranar 24 ga Yuni, 2022. Jihar Misisipi ta yi dokar hana zubar da ciki bayan mako 15. Alƙalai 6 suka goyi bayan dokar, 5 daga cikinsu suka ƙara da soke hukuncin 1973 wanda ya ce zubar da ciki 'yanci ne a tsarin mulki. To, a lura: kotun ba ta haramta shi a faɗin ƙasar ba. Ta mayar wa jihohi da maganar ne. Shi ya sa wasu jihohi suka hana, wasu suka bari.

Kwana 3 bayan haka sai hukuncin Joseph Kennedy, mai horar da 'yan ƙwallo a wata makarantar gwamnati a Bremerton, wanda yakan durƙusa ya yi addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Hukumar makaranta ta dakatar da shi. Alƙalai 6 suka ce an tauye masa 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki. Sauran 3 suka nuna fargabar cewa yara za su ji kamar dole ne su bi malaminsu. Ita ma wannan fargaba ba abar yarwa ba ce.

A jihar Maine kuma, gwamnati tana biya wa yaran karkara kuɗin makaranta inda babu sakandaren gwamnati, amma ta ware makarantun da ke koyar da addini. Kotun ta ce in dai ana ba sauran makarantu masu zaman kansu, ba za a hana na addini ba. Haka a birnin Boston, inda aka yarda da roƙo 284 na ɗaga tutoci a gaban zauren birni cikin shekara 12, amma aka ƙi tutar Kirista, dukan alƙalan 9 suka ce birnin bai yi daidai ba.

A ɓangaren dokokin majalisa, akwai shari'ar John Ramirez, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a jihar Texas saboda kisan kai. Ya roƙi a bar fastonsa ya ɗora masa hannu, ya yi addu'a da murya a lokacin zartarwa. Bisa wata dokar 2000 mai kare addinin fursunoni, alƙalai 8 suka ba shi gaskiya. An zartar da hukuncin a Oktoba 2022, fastonsa yana gefensa. Sannan ranar 30 ga Yuni kotun ta rage ikon hukumar kare muhalli a kan hayaƙin tashoshin lantarki, ta ce babban mataki irin wannan sai da izinin majalisa a fili.

Ina ruwanmu da wannan? A cikin watan Yunin nan na 2022, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa ɗalibai Musulmi mata suna da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Wasunmu sun yi murna da labarin Amurka, suka yi gunaguni a kan na Legas. Amma tushen ɗaya ne. Sashe na 38 na tsarin mulkinmu na 1999, wanda ya kare waɗannan 'yan mata, shi ne ya hana a tilasta wa ɗanka koyon addinin da ba nasa ba a makaranta. In muka so a karya shi don maƙwabci, da me za mu kare 'ya'yanmu gobe?

Manzo Bulus ya san dokar Roma, shi ya sa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mu ma ya kamata dattawan ikkilisiya su nemi tsarin mulkin ƙasarmu su karanta, su koya wa jama'a. Amma kada mu manta, kotun da ta yanke a 1973 ita ce ta warware bayan shekara 49. Alƙali yana iya hana abu, amma ba zai ciyar da yarinyar da ta yi ciki iyayenta suka kore ta ba. Wannan aiki namu ne.

Ubangiji ya ba alƙalanmu tsoronsa, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.