Inshorar Mota: Zancen Tasha da Gaskiyar Magana

Kwanakin baya a wani shataletale a Kano, wata ƙaramar mota ta daki bayan wata jif. Fitila ta tarwatse, but ya lotse. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, wannan na cewa "tsautsayi ne, Alhaji, a yi haƙuri," wancan na cewa a kira mai gyara a ji abin da zai yanka. Saurayin da ya yi karon sai sharce gumi yake yi. Na tambaye shi ko yana da inshora. Ya buɗe aljihun motar, ya zaro wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta 'yan sanda ce."

Ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba. Tun da rundunar 'yan sanda ta tsaurara binciken inshora a kan tituna daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, maganganu suka yawaita a tasha da gareji da majalisa. Ga wasu daga cikinsu, da matsayin kowace.

"Takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai." Ƙarya ne. Inshorar dole, wadda direbobi ke kira tad-fati, yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani: in ka buge motar wani, ko ka rushe masa katanga, ko ka ji masa rauni, kamfanin ne zai ɗauki nauyin biyansa. Dokar da ta wajabta ta a Najeriya ta samo asali tun 1945. A tsarin da ake kai, motar gida tana da kariyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, diyyar rauni ko rasa rai kuma lissafinta daban. Da takardar saurayin nan ta gaskiya ce, kuma ya san amfaninta, da ba daga aljihunsa kuɗin fitilar Alhaji zai fito ba.

"In ina da ita, za a gyara mini motata." Wannan ma ƙarya ne, kuma a nan ake yawan samun ɓacin rai. Tad-fati wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba kai ba. Motarka ko ta yi raga-raga, ko ta ƙone, ko ɓarayi sun yi awon gaba da ita, babu ruwan kamfani. Mai son a rufe masa tasa asarar sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Wato motar miliyan 10 za ta ci aƙalla naira 500,000 a shekara. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ta haɗa tad-fati da gobara da sata. Zaɓi ya danganta da amsar tambaya guda: in motar nan ta salwanta gobe, za ka iya sayen wata?

"An ninka kuɗinta sau uku." Gaskiya ne. Daga 1 ga Janairu, 2023, NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kariyar ma ta ninka, daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur naira 3,000 ne da kariyar miliyan 1, A Daidaita Sahu 5,000 da miliyan 2, babbar motar dakon kaya kuma 100,000 da miliyan 5.

"Duk takarda mai hatimi inshora ce." Ƙarya ne. 'Yan kamasho da ke tare mutane a bakin ofisoshin lasin, suna cewa "kawo a haɗa maka takardu gaba ɗaya," da yawansu na'urar buga takarda kawai suka mallaka. Araha ba ta ado: duk wanda ya ce zai yi maka inshorar motar gida a kan dubu biyar yau, takarda ya sayar maka. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Shiga shafin askniid.org, ko ka danna *565*11# a wayarka, ka saka lambar motar. In sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, koma wajen wanda ya karɓi kuɗinka tun kafin tsautsayi ya faɗa.

"Kamfanonin ba sa biya." Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Jan ƙafa da yawan neman takardu sun sa mutane da dama sun haƙura. Sai dai sau da yawa tun daga wajen mai motar igiyar take tsinkewa. Wani ya yi rajistar motar a matsayin ta gida, alhali kabu-kabu yake yi da ita. Wani ya ba ɗansa marar lasin makulli. Wani ya sasanta a bakin titi, aka gyara mota, sai bayan mako uku ya tuna da kamfani. Wani kuma wa'adinsa ya ƙare bai sabunta ba, ga shi ƙa'idar a bayyane take cewa in ba a biya ba, babu kariya. Idan hatsari ya faru, ɗauki hotuna nan take, karɓi lambar ɗaya motar da ta shaidu, nemi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfani kafin makanike ya taɓa ko da ƙusa ɗaya. A cikakkiyar inshora, tambayi nawa ne kason da za ka biya da kanka a kowace ɓarna, domin akasari akwai shi. In kamfani ya ƙi biya ba hujja, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

"Musulmi ba shi da mafita, domin inshora haramun ce." Rabin zance ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas ɗin da ke cikinta, amma a zama ɗaya ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A nan mahalarta ne ke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta sama, rarar da ta saura kuma a iya raba musu. A Sudan aka kafa kamfani na farko irin wannan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi wa motoci.

Saboda haka, mai karatu, yau ɗin nan zaro takardar da ke aljihun motarka, ka duba lambarta a waya. In ta gaskiya ce, karanta abin da ta rufe da abin da ta bari. In ta bogi ce, gara ka sani a ƙofar gidanka da ka sani a tsakiyar shataletale, jama'a sun kewaye ka.